An rufe ramin kwal, amma ƙasa ba ta daina motsi ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na saurari shirinku kan haƙar kwal, inda kuka ce Jamus ta rufe raminta na ƙarshe na ƙarƙashin ƙasa. Haka ne, Prosper-Haniel da ke Bottrop, a watan Disamban 2018, har aka miƙa wa Shugaban Ƙasa Steinmeier dunƙulen kwal na ƙarshe. Sai dai shirin ya tsaya a bakin rami, mu kuwa mazauna yankin Ruhr a kan ramin muke kwana.

Irin haƙar da aka yi a nan ba a barin ginshiƙi. Inji ne ke bin doguwar fuskar kwal mai faɗin ɗaruruwan mita yana yanka, manyan garkuwoyin ƙarfe na tokare da rufin, in sun matsa gaba sai a bar dutsen baya ya rufta, da gangan. Ko da zurfin ya haura mita 1,000, a hankali saman ƙasa sai ya lotsa kamar ƙwarya. Abin da ya ba ni mamaki da na zo, gidan da ke tsakiyar ƙwaryar yakan sauka ne gaba ɗayansa, wanda ke gefe shi ke shan wuya, don a nan ƙasa ke jawuwa, bango ya tsage, bututu ya ɓalle, ƙofa ta ƙi rufuwa.

Wani dattijo maƙwabcina, tsohon mahaƙi, ya taɓa nuna mini kan wani ƙarfe da aka kafe a jikin tsohon gini, kusa da ƙasa. Ni da na ɗauka na ɗaure kare ne! Ashe a kansa masu awo ke ɗora ma'auninsu, su kwatanta da awon baya. Yanzu kuma ga taurarin ɗan Adam na Sentinel-1, waɗanda tun 2014 ke iya gano motsin 'yan milimita, kuma hukumar binciken ƙasa ta Jamus na saka taswirar a intanet, kowa ya duba unguwarsa. Doka ma ta tsaya wa mai gida: in gini ya tsage a yankin da haƙa ta shafa, ana ɗauka haƙar ce sanadi, kamfani ne zai kawo hujjar ba ita ba ce.

Akwai wuraren da suka sauka fiye da mita 20, har koguna suka fi unguwanni tudu. Famfuna ne ke kwashe ruwa dare da rana, kuma ba ranar kashe su. Gidauniyar RAG, mai kamfanin da ya haƙi kwal ɗin, wadda aka kafa a 2007, ita ce ke ɗauke da kaso mai yawa na kuɗin. Ruwan da ke cika tsofaffin ramuka ma yana iya ɗan ɗaga ƙasa, shi ya sa har yau ana awo.

Roƙona, Malam Edita, ku tura wakilinku Enugu, inda aka soma haƙar kwal fiye da shekara ɗari da suka wuce. Ya tambayi hukuma wa ke riƙe da taswirar tsofaffin ramukan, yaushe aka yi awo na ƙarshe, kuma ko mai gini a kansu zai iya ganin sakamakon in ya nema.

Na gode, Allah Ya ƙara basira.

Mai sauraronku,
daga Bottrop, Jamus