Wasiƙa daga Suva kan matasan tsibirai da neman abin yi

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Baba, ina sanar da kai cewa saƙonka ya same ni a nan Suva, babban birnin Fiji. Na ga tambayarka kan shirye-shiryen da ƙasashen tsibiran Tekun Fasifik suke yi domin sama wa matasansu abin yi, kuma tun da kai ma koyar da sana'a kake yi, zan ba ka amsa gwargwadon abin da na gani.

Fiye da rabin mutanen yankin nan ba su kai shekara 25 ba, ga ƙasashen ƙanana, a warwatse cikin ruwa. Kiribati tsibirai 33 ce, faɗin ƙasarta murabba'in kilomita 811 kacal, amma tana baje a kan teku mai faɗin kusan murabba'in kilomita miliyan 3.5. Mai kuɗi ba zai kafa masana'anta a irin wannan wuri ba, domin kuɗin dakon kaya kaɗai ya isa ya cinye ribar. Saboda haka aikin albashi yawanci na gwamnati ne, sai otal-otal a inda masu yawon buɗe ido suke zuwa, sauran jama'a kuwa suna noman rogo da gwaza da kwakwa, ko su yi kamun kifi.

Hukumar yankin da ake kira SPC, wadda aka kafa a 1947 kuma hedikwatarta take Numiya ta Sabuwar Kaledoniya, ta fito da tsarin raya matasa na shekarun 2014 zuwa 2023. Kafin nan, a 2012, ta soma wani shiri a Honiyara ta Tsibiran Solomon, inda ake koya wa matashi yadda ake zaman wurin aiki, sannan a tura shi wani ofis ko kanti ya yi 'yan watanni yana koyo. Ostireliya kuma ta buɗe kwalejin koyar da sana'a ta APTC a 2007, ta yi mata rassa a Fiji da Samowa da Banuwatu da wasu ƙasashen, inda aka riƙa koyar da kafinta da aikin wuta da girkin otal da kula da tsofaffi. Ban raina wannan ƙoƙari ba, amma a ganina ba koyarwar ce ta yi ƙaranci ba. Yaro ya gama ya karɓi takardar shaida, sai ya tarar mutum goma sun riga shi layi a ƙofar kanti guda.

Abin da ya sa kuɗi a aljihun matasa da gaske shi ne cin rani, irin wanda mutanenmu suka saba yi, sai dai wannan gwamnatoci ne suka tsara shi, kuma a jirgin sama ake tafiya. Niyu Zilan ta fara nata shirin, RSE, a 2007 da gurbin mutum 5,000, yanzu gurbin ya haura 20,000. Ma'aikaci yana yin har wata bakwai yana tsinkar tuffa ko gyaran inabi, 'yan Kiribati da Tubalu kuwa ana ba su wata tara saboda nisan ƙasashensu. Ostireliya ta bi sahu a 2012, sannan a 2022 ta haɗe shirye-shiryenta biyu a ƙarƙashin shiri guda mai suna PALM, wanda ya ƙunshi ƙasashen Fasifik tara da Timor ta Gabas, kuma a cikinsa mutum yana iya yin shekara huɗu a gona ko mayanka ko gidan kula da tsofaffi. Na ga ayarinsu a filin jirgin saman Nadi a nan Fiji, sun yi anko da riguna masu zanen furanni, kowa da jakarsa sabuwa fil, iyaye mata suna rataya musu furanni a wuya suna share hawaye. Idan sun dawo, za ka gane gidajensu tun daga nesa da sabon kwanon rufi da farantin sola, wani kuma ya sayo injin kwalekwale.

To, amma kowane allazi da nasa amanu. Ana cire kuɗin jirgi da na masauki daga albashin ma'aikaci, har makonnin farko su wuce bai riƙe wani abin kirki ba, kuma da yake bizarsa a ɗaure take da wanda ya ɗauke shi aiki, ba kasafai yake iya ɗaga murya ba idan an cuce shi. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne waɗanda suke tafiya. An tsara shirin ne domin marasa aiki na ƙauye, amma sai ga malamin makaranta da makanike da ɗan sanda suna ajiye aiki suna bin ayari, domin tsinkar 'ya'yan itace ta fi albashinsu. Fiame Naomi Mata'afa, lokacin tana firaministar Samowa, ta fito fili ta koka kan yadda ƙasarta take rasa ƙwararrunta ta wannan hanya. A ƙauyuka kuma gonaki suna komawa hannun mata da tsofaffi, yara suna tashi a gaban kakanni.

Wanda ya fi burge ni a cikinsu duka tsoho ne, wato makarantar koyon aikin jirgin ruwa da aka buɗe a Betiyo ta Kiribati a 1967. Kamfanonin jiragen ruwa na Jamus sun kasance cikin tafiyar tun daga tushe, saboda haka a shekarun baya ɗalibi yana shiga aji ya san jirgin da zai ɗauke shi yana nan. Ita ma ba ta tsira daga matsala ba, domin a lokacin annobar korona da aka rufe iyakoki, matuƙan Kiribati da dama sun maƙale a birnin Hambog na Jamus watanni masu yawa ba su ga gida ba. Duk da haka, da zan ba ka shawara kan cibiyarku, sai in ce kafin ku ɗauki sabbin ɗalibai ku fara zama da masu gareji da 'yan kwangilar gini na garinku, ku ji mutum nawa za su iya ɗauka da kuma irin hannun da suke nema.

Ka rubuto mini yadda kuka yi. Ka gaishe mini da Hajiya da yara da dukkan mutanen majalisa.

Wassalam,
Naka amini