Na zama alƙalin wasa, kada ka yi dariya

Mutumina,

Gaisuwa mai yawa. Ina iyali? Ya ƙafar Hajiya? Na san ka yi fushi da shirun wata biyar, amma ji dalili: na zama alƙalin wasan bezbol na yara a nan Amurka, wasan nan da ake bugun ƙwallo da sanda a zagaya tashoshi da gudu. E, ni ɗin nan da muke yi wa alƙali ihu tare a filin Sani Abacha. Alhaki kwikwiyo.

Mu biyu ake turawa kowane wasa, ba kamar babbar gasar MLB ba da ke sa huɗu. Ɗaya yana duƙe bayan mai cafe ƙwallo da garkuwar fuska, ɗaya yana lura da tashoshi ukun da 'yan wasa ke zagayawa. Abokin aikina wani dattijo ne mai furfura, maganarsa a wuni ba ta cika cokali.

Ranar Asabar ina tsakiyar fili, aka jefa ƙwallo tasha ta farko. Yaron da ke tsaronta ya miƙe har ya kusa kifewa, ya cafe. Na dunƙule hannun dama na ce mai gudu ya fita. Wallahi ban ga ƙafar yaron ba, jikinsa ya tare ni, alhali sai ƙafar tana kan tashar lokacin cafewa mai gudu ke fita. Koci ya taho yana huci. Na ja dattijo gefe na tambaye shi, ya ce ƙafar ta ɗaga daga tashar kamar taƙi guda. Na sauya hukunci, sai ɗaya kocin ya ɗauka daga inda wancan ya ajiye.

Ka san doka ta hana dattijon tsoma baki ko da ya ga na yi kuskure, sai in ni na neme shi? Ya gani sarai, ya tsaya yana share faranti, wato tashar da mai bugun ƙwallo ke tsayawa a gefenta, da ɗan burushinsa kamar ba ya wurin. Irin ka kenan ranar da aka kama mu a gonar mangwaro.

A mota dattijon ya wanke ni tas. Ya ce in dai ƙafa ce ban gani ba, in nuna shi in tambaya tun kafin in buɗe baki da hukunci. In kuwa na ga komai, tsere ne kawai tsakanin ƙwallo da mutum, to nawa ne, kada ihun koci ya kai ni wurin kowa. Wanda ya je sau ɗaya don ihu, kullum sai an aike shi. Akwai dai wurin da ake yawan neman juna: mai bugu ya fara kai sanda ya fasa, na baya ya ce bai buga ba, mai cafewa ya roƙi a tambayi na fili.

Na kwana ina juyi, sai na tuna Jim Joyce. A 2010 saura mutum ɗaya Armando Galarraga na Detroit ya kammala wasa ba wanda ya taka masa tasha, Joyce ya ce mai gudu ya tsira, alhali ya fita. Babban mutum ya amsa laifinsa har da hawaye. Ni kuwa a kan 'yan shekara 12 nake hana kaina barci.

Af, da gaske ne Kawu ya sayar da filin nan na bayan makaranta? Kuma wa ya ba ka shawarar ƙara aure da wannan tsadar? Yajin da ka aiko ya ƙare tun azumi, dattijon ya ɗanɗana sau ɗaya ya sha ruwa gora biyu. A gaida Hajiya da yara.

Naka har kullum.