Launin fitsari da bayan gida bayan an cire matsarmama

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili mu yi magana da waɗanda aka yi wa tiyatar cire matsarmama da masu jinyarsu. A nan Kaduna da yawansu masu sikila ne, domin tsakuwa ta fi saurin taruwa musu a wannan jaka.

Hanta ce ke yin ruwan ɗacin da ke taruwa a matsarmama, wanda ke taimakawa wajen narkar da maiƙo a hanji, wajen rabin lita zuwa lita 1 a yini. Jakar wurin ajiya ce kawai, abin da take riƙewa bai wuce mililita 50 zuwa 60 ba. Da zarar an cire ta, ruwan zai riƙa tsiyaya cikin hanji dare da rana, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Shi ya sa a makonnin farko bayan gida kan yi ruwa-ruwa, ya yi kore ko rawaya, musamman in an ci ƙosai, tsire ko miyar da ta sha manja. Wannan ba abin tashin hankali ba ne. A rage maiƙo, a ci kaɗan-kaɗan. In zawon ya ƙi tsayawa, likita yana da maganin da ke kama ruwan ɗacin a hanji.

Abin da ya sa muka rubuto shi ne bayan gida mai fari kamar farar ƙasa, tare da fitsari mai duhu irin launin shayin da ba madara. Ruwan ɗacin nan shi ke rina bayan gida. In ya fito fari, to hanyar da ke kai ruwan daga hanta zuwa hanji ta toshe, ko dai tsakuwa ta rage a ciki, ko hanyar ta ji rauni wajen aiki, ko ta tsuke daga baya. Sai sinadarin bilirubin, wato rinin rawaya da ke cikin ruwan ɗacin, ya koma cikin jini, ƙoda ta fitar da shi a fitsari, ido ya yi rawaya, jiki ya kama ƙaiƙayi. Hakan na iya faruwa ko bayan watanni.

A nan ne ake yin asara. Ana ganin ido ya yi rawaya sai a ce shawara ce, a ɗora mutum kan jiƙo da rake. Wallahi jiƙo ba ya buɗe hanyar da ta toshe, jinkirin kuma hanta yake lalatawa. A koma wurin likitan da ya yi aikin, ko asibiti irin Barau Dikko ko na Shika, a yi gwajin jini na hanta da hoton ciki. In zazzaɓi da rawar sanyi da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama sun haɗu da rawayar ido, kada a jira gari ya waye.

Fitsarin da ya yi duhu don ƙarancin ruwa, kamar lokacin zafi ko azumi, yakan washe in an sha ruwa sosai. Flagyl ma na sa shi duhu. Ƙwayar ƙarin jini tana baƙanta bayan gida, amma baƙi mai danƙo da wari ga wanda ba ya shanta alamar zubar jini ce a ciki, shi ma na gaggawa ne.

Naku,
Wasu ma'aikatan jinya, Kaduna