Wasiƙa daga Landan: Ranar da Fiji ta Kashe Bakin Masu Gida

Hounslow, Landan
Litinin, 28 ga Agusta, 2023

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali baki ɗaya. Yaya ƙafar Inna? Na saurari saƙon muryar da Auta ya turo, na ji ruwa ya yi gyara har katangar bayan gida ta zube. Allah ya mayar da alheri, tunda dai ba ta faɗa wa kowa ba mun gode masa.

Yau hutu ake yi a ƙasar nan, shi ya sa na samu zama in amsa tambayar da ka yi mini ran nan kana dariya, wai wane irin aiki ne ake biyan mutum kuɗi don ya shiga filin wasa ya juya wa wasan baya. To haka yake. Kamfanin da nake wa aikin ƙarshen mako yana tura mu filaye mu tsare 'yan kallo. A ba ka riga mai ruwan ɗorawa, a tsayar da kai a bakin matakala, fuskarka na kallon jama'a, ƙeyarka na kallon ƙwallo. Kai ne mai nuna wa mutum kujerarsa, kai ne mai lura ko wani ya yanke jiki ya faɗi, ko wani ya sha ya yi tatul yana neman rigima. Saboda haka ni a fuskokin mutane nake kallon wasa. Kuma wallahi na ƙware, kafin allo ya nuna na riga na san wanda ya ci.

Makon nan kwana biyu a jere aka kai mu Twickenham, babban filin wasan zari-ruga na Ingila, wanda ke ɗaukar mutum 82,000. Daga ɗakina bas ɗaya ce. Na san ba ka san wasan ba, ni ma da na zo ɗauka na yi faɗa ne aka sa masa alƙali. Mutum 15 ne kowane ɓangare, ƙwallon kamar ƙwai, minti 80 ake yi. Ana rungumar ƙwallon a ruga da shi, amma in za ka miƙa wa ɗan'uwanka da hannu sai dai baya ko gefe, ba a jefawa gaba. Wanda ya dire shi a bayan layin abokan karawa ya ci maki 5, in aka buga ya bi ta tsakanin sanduna a ƙara 2, bugun laifi kuma maki 3 ne. Hanyar tsayar da mai gudu ita ce kaye, irin na kokawa, ka cafke shi ka kai ƙasa. Ka riƙe wannan maganar kayen, don ita ce ta jawo duk ɓacin ran da zan ba ka labari.

Daren Juma'a baƙi ne suka ari filin, Afirka ta Kudu da New Zealand. Mutum fiye da 80,000, ko'ina koren riga, har ƙasa na girgiza. Afirka ta Kudu ta yi musu 35 da 7, dukan da har zuwa ranar ba a taɓa yi wa New Zealand irinsa ba a tarihinta. Na koma gida kunnena na kuwwa.

Washegari Asabar masu gida ne da kansu, Ingila da Fiji, wasan share fage na ƙarshe kafin a tafi gasar cin kofin duniya a Faransa. Tun wajen rabon wuraren tsayuwa na san akwai magana, don ba a tura kowa benen sama ba, an rufe shi. Kimanin mutum 57,000 suka zo. A wani wurin wannan taro ne, amma a filin da baƙi suka cika daren Juma'a, abin kunya ne a ce masu gida sun kasa. Mutane sun ƙi sayen tikiti ne da gangan. A watan Maris Faransa ta zo nan ta zuba musu 53 da 10, a watan nan kuma Wales da Ireland duk sun doke su. Ga kyaftin ɗinsu Owen Farrell an dakatar da shi wasa huɗu saboda ya kai wa ɗan Wales kafaɗa a ka, ga Billy Vunipola shi ma ya ɗauki jan kati a Dublin. Jama'a sun zo da guntun fushinsu tun daga gida.

A ƙarshen layin da nake tsaye akwai wani dattijo Bature da jikansa, yaro kamar sa'an Auta. Tsohon ya ce mini tun yana saurayi yake zuwa filin nan, kuma a 2003 har Sydney ya bi su ya ga Jonny Wilkinson ya buga ƙwallon da ya ba su kofin duniya. Da farko fuskarsa a sake take. An fara bayan ƙarfe uku, kuma ba a jima ba Jonny May ya dire ƙwallo, Ingila ta yi 8 da nema. Jama'a suka tashi, aka ɗan rera waƙar da suka saba. Daga nan fa sai wasan ya mutu a hannunsu.

Abin da ya fi ba ni mamaki, Yaya, ba a ci su ba tukuna, su ne ma a gaba, amma mutane na ta tsaki. Duk lokacin da na ga kawuna sun ɗaga sama gaba ɗaya, sannan na ji gunaguni ya bi layi, na san ɗan wasan Ingila ya sake ɗaga ƙwallo sama da ƙafa maimakon ya ruga da shi. Tsohon nan sai ya dafe kai ya ce, "Ya sake ba su! Don Allah wa ya aike shi?" Jikan ya tambaye shi me ya sa suke yi, ya ce masa wai dabara ce, a tura ƙwallo can gidan abokan gaba a jira su yi kuskure. Sai ya ƙara da cewa shi bai biya kuɗi don ya zo ya ga mutum 15 na jiran kuskuren wani ba. Aka tafi hutun rabin lokaci 8 da 3, rabin layina suka fita sayen giya, don a wannan wasan an yarda a sha a kan kujera, kuma ba a raba magoya baya kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafa. Wasu ba su yi saurin dawowa ba.

Da aka dawo sai bango ya tsage. Kyaftin ɗin Fiji, Waisea Nayacalevu, ya dire, Vinaya Habosi ya bi bayansa, ɗan bugunsu Caleb Muntz kuma ƙafarsa ba ta kuskure. Kafin ka ce kwabo 20 da 8. Akwai wani ɗan gefe nasu, Selestino Ravutaumada, wanda ban gan shi da idona ba sai daga baya a waya, amma na san duk sanda ya karɓi ƙwallo, don sai in ga bakuna sun buɗe. Ƙarti majiya ƙarfi na kai masa cafka suna kama iska. An ƙirga kaye 27 da 'yan Ingila suka kai suka kuskure a ranar. Wannan shi ne abin da mutanen nan ba za su yafe ba. Wata mata da ke bayan tsohon ta ce rashin iyawa daban, rashin zuciya daban, shi kaye ba ya bukatar basira, niyya kawai yake so.

'Yan Ingila sun ɗan farfaɗo. Da aka sako Marcus Smith filin ya ɗauki sowa tun kafin ya taɓa ƙwallo, don shi yaro ne mai son gudu da ita, kuma bai ba su kunya ba, ya dire. Joe Marchant ya ƙara, aka koma 23 da 22, saura maki ɗaya. Tsohon ya miƙe tsaye, ya manta da sandarsa. Minti kaɗan sai na ga ya koma ya zauna a hankali kamar wanda aka yi wa rasuwa. Simione Kuruvoli ne ya dire wa Fiji ta uku. Aka tashi 30 da 22. Tun da ƙasashen biyu suke haɗuwa Fiji ba ta taɓa cin Ingila ba sai ranar.

Ka san yadda ake yi a wajenmu in masu gida suka sha kashi, sai an nemo wa alƙali hanyar fita. Mu ma an ja mana kunne mu shirya. Ba abin da ya faru. 'Yan tsiraru suka yi ihun tir, wasu suka sulale tun kafin busar ƙarshe, sauran kuma suka tsaya suna tafa wa Fiji. Fushin Bature a wannan wasan ba ya jifa, sai baƙar magana cikin sanyin murya, kuma na sha ta a matakala har na ƙoshi. Babu wanda ya ambaci alƙali ko sau ɗaya. 'Yan wasansu suka sa a faranti suna yanka ɗaya bayan ɗaya.

Courtney Lawes kaɗai aka tausaya wa, don ranar ce wasansa na 100 wa ƙasarsa, shi ya ja su a matsayin kyaftin, ga abin da aka yi masa tukuici da shi. George Ford, ɗan bugunsu, an rabu a kansa, wasu na cewa umarni yake bi, wasu na cewa mai shekarunsa ya isa ya ƙi bin umarnin banza. Farrell da ko rigar wasa bai sa ba ya fi kowa shan suka da yabo: wannan ya ce da yana nan da ba a yi wannan sakacin ba, wancan ya ce ai shi ya koya musu wasan tsoro. Kocin kuwa, Steve Borthwick, wanda ya karɓi aiki a Disambar bara bayan an sallami Eddie Jones, har na ji wani na cewa a dawo da Jones. Abokinsa ya ce masa ya je ya duba abin da Jones ɗin ke yi a Ostireliya. Gaskiyarsa, jiya Lahadi ma Faransa ta yi wa Ostireliya 41 da 17, wasa biyar ke nan Jones bai ci ko ɗaya ba.

Har ni sai da abin ya shafa. Akwai Maro Itoje, dogon nan da ake ɗagawa sama ya cafe ƙwallo, iyayensa 'yan Najeriya ne daga kudu, shi kuma a Landan aka haife shi. Wani da ya tambaye ni ƙasarmu, da na faɗa masa sai ya ce in gaya wa ɗan'uwana ya farka, ba shi ne Itojen da ya hana New Zealand sakat a 2019 ba. Na ce masa to, in mun haɗu a gidan suna zan isar. Bai gane ba, amma ya yi dariya. A raina kuwa na ji haushi, ban san dalili ba, mutumin da ko gaisawa ba mu taɓa yi ba.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. A ɓangarena akwai 'yan Fiji, ba su fi talatin ba, da tutarsu mai ruwan sararin sama, mazansu wasu da zane ɗaure, matan da fure a kunne. Ƙasarsu tsibirai ce a can tekun Fasifik, duk mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba, ko ƙaramar hukuma biyu ta cikin Kano ta fi su. Ɗaya daga cikinsu ya gaya mini soja ne a rundunar Birtaniya, da yawansu haka suke zuwa, kuma rabonsa da mahaifiyarsa shekara huɗu. Na ce masa ni uku. Ya ce a garinsu yanzu tsakar dare ne amma ya tabbata ba wanda ya runtsa. Da aka busa, wannan ƙaton ya durƙusa tsakanin kujeru yana kuka kamar yaro, ya kira gida ta bidiyo, hannunsa na rawa ya kasa riƙe wayar. Sai ya miƙo mini ya ce in nuna wa tsohuwarsa fili.

Ka ga ba yadda za a yi in nuna mata fili ban juya ba. Na juya. Shekara biyu ina aikin nan, ranar na fara ganin ciyawar da mutane a kanta. 'Yan wasan Fiji sun yi da'ira sun rungumi juna suna rera waƙar cocinsu, ga wata tsohuwa a cikin waya, a wani ɗaki mai fitila ɗaya, tana bin su baiti-baiti. Ban ji kalma ko ɗaya ba. Inna kawai na tuna, yadda take matso da fuska jikin waya har sai goshinta kaɗai nake gani. Shugaban layinmu ya hango ni, na ce yau kam na sha faɗa, ashe shi ma wurin yake kallo.

Tsohon nan shi ne kusan na ƙarshe da ya fita. Ya tsaya ya ba sojan hannu, ya ce masa sun cancanta. Da ya zo wucewa ta gabana na ce masa sai haƙuri. Ya ce haƙurin me, ai ya riga ya sayi tikitin Marseille, ranar 9 ga Satumba za su kara da Ajantina, kuma ya san kashi za su sha, amma jirgin ba a mayar da kuɗinsa. Jikan kuwa tutar Fiji ce a hannunsa, ban san wanda ya ba shi ba.

Kuɗin kwana biyun nan za su shigo ranar Juma'a, zan turo ta hannun da aka saba. A fara da katangar kafin wani ruwan ya sake sauka, abin da ya rage a sai wa Inna maganinta, kada a jira ya ƙare. Na san yadda kaya suka yi tsada tun da aka cire tallafin mai, ga iyakar Nijar a rufe, don haka in bai isa ba ka faɗa mini kai tsaye, kada ka bi ta bakin Auta. Shi kuma ka ce masa na ji saƙon rigar ƙwallo, amma sai na ga sakamakon jarrabawa. Ka gaishe da Kawu da Gwaggo da su Yaya Babba da yara duka. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ka kai wa Inna wayar, agogonmu ɗaya da naku har ƙarshen Oktoba. Ka riƙe mata da ɗan nisa, ina so in ga fuskarta gaba ɗaya.

Wassalam,
Ƙaninka