Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan jijiyar ido

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara.

Na samu saƙonka cewa likita ya haska cikin idonka ya ce ramin kan jijiyar ya faɗaɗa, amma tunda kana gani garau kana tunanin ajiye maganin. Ɗana, kada ka ajiye.

A bayan ƙwayar ido akwai wani ɗan da'ira da faɗinsa bai kai milimita 2 ba. Ta nan ne zarurrukan jijiya fiye da miliyan ɗaya suke tattaruwa su nufi ƙwaƙwalwa. Tsakiyarsa akwai ɗan rami, kowa yana da shi. Idan ruwan cikin ido bai samu hanyar fita sosai ba, sai matsi ya ƙaru, zarurrukan su riƙa mutuwa, ramin yana buɗewa. Wannan shi ne gilakoma, abin da mutane ke kira hawan jinin ido, ko da yake ba shi ne hawan jinin jiki ba. Ganin gefe yake fara ci, kuma ɗaya idon yana cike wa ɗan'uwansa giɓi, shi ya sa ba ka lura. Yanar ido ana cire ta gani ya dawo. Zaren jijiya idan ya mutu ya mutu, magani yana tsare wanda ya rage ne kawai. Binciken makanta da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna kusan mutum 5 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 suna da gilakoma, mafi yawansu ba su sani ba.

Idan ka koma asibiti ka nemi a rubuta maka abu uku. Matsin ido, wanda galibi yake tsakanin 10 da 21, sai dai akwai masu ciwon da nasu bai taɓa wuce 21 ba. Girman ramin a kan faɗin da'irar: 0.7 ko fiye, ko bambancin 0.2 tsakanin idanu biyu, abin bincike ne. Sai gwajin faɗin gani, wanda ake danna maɓalli duk sanda ɗigon haske ya bayyana. Idan babu na'urar a inda kake, ka je Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna ko asibitin ido na ECWA a Kano.

Wajen ɗiga magani aka fi yin ɓarna. Ka wanke hannu, ka ɗaga kai, ka ja fatar ƙasan ido da yatsa har ta yi ɗan aljihu, ka saki ɗigo ɗaya, ba tare da bakin kwalbar ya taɓa gashin ido ba. Ɗigo na biyu asara ne, kumatu zai bi. Sai ka rufe ido ka danne kusurwar da ke jikin hanci minti biyu, don kada maganin ya gangara maƙogwaro. In magani biyu ne, ka bar minti biyar tsakani. Maganin ɗigawa mai suna latanoprost sau ɗaya ne da dare, kuma wanda ba a buɗe ba a firji yake zama. Mai suna timolol kuwa yana rage bugun zuciya, yana tayar da asma, don haka ka gaya wa likita in kana da asma ko ciwon zuciya. Da azumi, na safe ya koma sahur, na yamma bayan buɗa baki. Ka sayi sabuwar kwalba kafin tsohuwa ta ƙare, domin matsin yana dawowa da zarar an daina.

Ka guji maganin jan ido na kemis mai dexamethasone ko betamethasone. Yana kwantar da ƙaiƙayi, yana kuma hawar da matsi cikin makonni. Idan likita ya ce aiki, kada ka gudu. Hanya ake buɗe wa ruwan, kuma aiki a kan lokaci ya fi a jira sai jijiyar ta ƙare.

Akwai kuma kumburin kan jijiyar, wanda ba ya jira. Ciwon kai da amai, gani ya ɗauke na ɗan daƙiƙoƙi in an miƙe tsaye, ko abu ɗaya ya zama biyu: a tafi asibiti a ranar, don yakan zama matsi ne a cikin kai.

Ciwon gilakoma yana bin jini. Ka gaya wa yayyenka da ƙannenka su je a haska musu, ko da ba su da wani ƙorafi. Ka aiko min da hoton takardar gwajinka. Mahaifiyarka tana gaishe ku.

Mahaifinka.