A ceto madobiya kafin ta ƙare a dazukan Taraba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana a kan madobiya, itacen nan da mutanenmu na Taraba suke kira madrid. Ni kafinta ne kuma wallahi abin yana ci min tuwo a ƙwarya. Duk wanda ya taɓa sa zarto a jikinta ya san ba katakon wasa ba ne, ga nauyi ga ƙwari, gara ba ta cinta da sauƙi, in ka goge ta ka shafa mata mai sai ka ga launin nan mai ja-ja ya fito da zane kamar an zauna an yi da hannu. Masassaƙa na yin kujera da ƙota da ita tun kaka da kakanni, masu rini na amfani da jan ruwan da ke fita a jikinta, Fulani kuwa in rani ya yi tsanani ganyenta suke sarar wa shanu.

To sai ga 'yan kasuwa sun gano ana sonta a Chana, can ake yin gadaje da kujerun alfarma masu tsadar gaske da ita. Shi ke nan fa aka shiga daji da injin yanka, Bali, Gashaka, Kurmi, Gassol, ko'ina tirela ce maƙare da gungume ta nufi Legas a zuba a kwantena, har gandun dajin Gashaka Gumti da doka ta kare bai tsira ba. Yaranmu aka ba 'yan kuɗi kaɗan suka yi ta sara, wasu itace ya danne su wasu mota ta kife da su, riba kuwa tana can wajen dillalai.

A 2016 aka sa madobiya cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya a kan cinikin dabbobi da tsirran da ke neman ƙarewa, ta taƙaita cinikinsu, a 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya, a 2022 dakatarwar ta haɗa da sauran ƙasashen da take fitowa. Madalla, mun ji daɗi. Amma hanawa kaɗai ba ta mayar da itace daji, kuma ɗan abin da ya rage yanzu masu gawayi ne suke bi suna ƙarasawa, ƙanana ma ba su bari. Itacen da sai ya yi shekaru da dama kafin ya isa a yanka allo, a kwana ɗaya an mai da shi buhun gawayi.

Abin da ya fi damuna shi ne duk shekara ana bikin dashen itace amma dogon yaro da turare kawai ake rabawa, ina madobiya, ina maɗaci, ina ƙirya? Irin madobiya na nan yana zuba a ƙasa da rani, ba sai an sayo daga waje ba. Ina roƙon ma'aikatar muhalli ta jiha da ƙananan hukumomi su buɗe wuraren renon irin itatuwanmu na gida, a raba wa manoma kyauta, a kuma ba dagatai da masu unguwanni iko na gaske su hana sara a yankunansu, don su ne suka san wanda ke shiga daji da inji. Mu ma kafintoci da masu sayar da katako ƙungiyoyinmu su daina karɓar ƙananan gungume, a daure a yi wannan ko da ciniki zai ragu.

Na gode.

Wani kafinta, daga Jalingo