Zuwa ga Baffa, kan maganar jirgin ruwan nan

Assalamu alaikum Baffa. Da fatan kana lafiya, ya aiki, ya Legas ɗin. Mu nan alhamdulillah sai zafi da rashin wuta, ƙafar Hajiya ma da sauƙi ta fara takawa har tsakar gida.

Rubutu na zaɓa dan in a waya ne ka san yadda za ta kaya, ni in ɗaga murya kai kuma kana to Baba, to Baba, a kashe waya kowa da tasa a ciki. Wannan kuwa dole ka karanta har ƙarshe, in ka gama ka sake daga farko.

Auta ce ta nuna wa Mamanku bidiyon da ka ɗora a sitatus ranar Asabar, kuma kar ka kira ta da faɗa, ita murna take yayanta na cikin jirgin ruwa. Bayan isha'i Mamanku ta shigo ta ajiye min wayar a kan darduma ba ta ce uffan ba ta fita. Na kalla ya fi sau biyar. Ga ka nan a tsaye a goshin jirgi, hannu ɗaya riƙe da waya kana dariya, jirgi na keta ruwa, abokanka na ihu a baya. Ni duk ba wannan na gani ba, rigar ruwan nan mai kalar lemo na gani yashe a ƙasan jirgi kusa da ƙafarka, ita nake ta kallo har wayar ta yi duhu. Washegari kuma mijin yayarka yake ce min ai ba yau aka fara ba, kusan duk Asabar kuna haɗa kuɗi ku da abokan aikinka ku ɗauki shatar jirgi zuwa bakin tekun Takwa Be, har wai ana maganar karo-karo ku sayi naku ƙarami mai inji. Wata nawa muna waya duk Juma'a baka taɓa faɗa min ba? Ka ɓoye ne dan ka san abin da zan ce.

Mamanku ta faɗa min amsar da ka ba ta. Wai kwana biyar kana tsakanin ofis da gosulo, ka fita kafin gari ya waye ka dawo bayan isha'i, kanka ya cika da hon da hayaƙi da kiran oga, in kuka bar gaɓa kaɗai kake jin ƙirjinka ya buɗe. Wai in ka waiwayo ka ga dogayen benayen nan sun koma ƙanana sai matsalolinka ma su ƙanƙance. Wai mai jirgin yana barinka ka riƙe inji, kuma duk sati nan ne kaɗai wurin da kai ke juya abu ba a juya ka ba. Ita ba ta gane ba, cewa take wane irin hutu ne mutum ya ɗora ransa a kan katako. Ni kuwa na gane, kuma gane ɗin ne ya hana ni barci.

Ban taɓa baku labarin nan ta ɓangaren daɗinsa ba, ku dai ƙarshensa kuka sani. Muna samari zamanin Shagari, dam ɗin Tiga bai fi shekara goma ba a lokacin tunda a 1974 aka gama shi, aikin marigayi Audu Bako, mu yaran cikin birni da iyakar ruwan da muka sani kududdufin unguwa ne da Jakara sai muka je muka tarar da ruwa iya ganinka, ka ɗaga ido baka hango ɗaya gaɓar sosai. Ranar Lahadi muke tashi da sassafe mu huɗu ko biyar, mu bi hanyar Zariya mu karya, mu samu masunta mu basu ɗan abin da ya samu su shiga da mu a kwalekwale. Baffa wallahi har yau in na rufe ido ina jin ƙarar filafili yana shiga ruwa yana fita, shi kaɗai, sai ko tsuntsu ya gifta. Kano ba ta da irin wannan shirun, ko tsakar dare akwai janareta akwai kare akwai wani yana buga ƙofa. A can ko maganarka sai ka ji ta fita daban, shi yasa ba a cika surutu ba, abokin da a majalisa baya rufe baki sai ka ga ya yi tsit ya saka hannu a ruwa yana kallon yadda yake rabewa ta tsakanin yatsunsa. Ba mai bin ka bashi a tsakiyar ruwa, ba mai aiken ka, ba wanda ya san ɗan wane ne kai. In an fito a soya mana kifin da aka kamo a gabanmu mu ci da yaji da hannu, kifin da ban sake cin mai daɗinsa ba. Mu dawo gida da magariba jiki a mace zuciya fes, sati guda kana auna yadi a Kwari kana jin kamar har yanzu kwalekwalen na lilo da kai.

Toh kaga ba zan ce maka ƙarya kake ba, kuma ba zan ce shashanci ne kawai irin na yaran yanzu ba kamar yadda kawunka ya yanke. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wani hutu yake nema a ruwa, wani kamun kifi, wani gudun injin ne ke burge shi, wani so yake ya kaɗaita da abokai inda waya ba ta damunsu, wani kuma kallon ikon Allah, duk na san su. Mutanen Argungu ma da suke tara duniya a bakin Matan Fada ana tseren kwalekwale ana kiɗa ai ba yunwa ce kaɗai ke kai su ruwa ba, akwai so.

Amma ka san sunan wa kake ɗauke da shi, ɗan'uwana da ruwan Tiga ya ci. Ka san dalilin da ya sa tun kana zanin goyo ba wanda ya kira ainihin sunanka a gaban Hajiya. Ni na ce masa ya zo, shi ranar ma baya so. Ruwan kwance yake kamar an shimfiɗa tabarma. Abin da zan faɗa kenan, sauran ka ji a bakin gwaggonka.

Wanda baka ji ba shi ne kwana ukun. Kwana uku muna zaune a gaɓa, masunta na shiga suna fita da taru da dogayen sanduna, duk abin da ya taso a ruwa sai gabanka ya faɗi ka miƙe, ashe kututture ne. A gida an shimfiɗa tabarmi mutane sun cika ƙofa amma ba a san me za a ce ba, gaisuwa za a yi ko addu'ar Allah ya bayyana, likkafani an yanko yana ajiye a ɗaki ba wanda za a saka a ciki. Hajiya ta ƙi cin komai tana cewa ƙila ya fita ta wani ƙauyen. Mutuwa kowa zai yi, ni na yi wa mahaifina wanka da hannuna na saka shi a kabari na dawo na ci abinci. Wannan daban ce. Kuma mu dam ne, ruwa a tsare, daga ƙarshe ya dawo mana da shi a yanayin da ban bari Hajiya ta gani ba. Kai fa? Inda kuke bi bakin teku ne, nan manyan jiragen kaya ke wucewa zuwa Apapa suna tayar da igiyar da za ta iya jefa ƙaramin jirgi gefe, ruwan yana cika yana janyewa kullum, in yana janyewa waje yake ja. Wa zan je in tsaya a gabansa a Legas in ce a nemo min ɗana? A wace gaɓar zan zauna? Wannan tunanin ne yake tashe ni ƙarfe uku na dare, in ga kaina tsaye a bakin ruwan da ban san sunansa ba da hularka a hannu, in ga Mamanku shekara da shekaru tana zabura duk lokacin da aka taɓa ƙofa. Ina iya jure kabarinka in Allah ya ƙaddara ka riga ni, zan je Ɗandolo in tsaya a kai in yi maka addu'a. Rashin kabarin ne bana jin zan iya.

Kuma kar ka ce min wannan zamanin da ne, yanzu jiragen na zamani ne. Bagwai zamanin da ne? Ƙarshen Nuwamban 2021 ne fa, kana gida lokacin, tare muka ji a rediyo, jirgi ya taso daga Badau a dam ɗin Watari da yara 'yan Islamiyya za su maulidi, an yi masa lodi fiye da ƙima ya kife, a ƙalla rai 29. Na Patigi a jihar Kwara a 2023 sama da mutum 100 ne, daga biki suke dawowa cikin dare. Waɗannan bayin Allah dole ce ta saka su, hanyarsu kenan, kuma da yawansu da akwai riga a jikinsu da yanzu suna gidajensu. Kai an baka rigar a hannu ka cire ka yar dan hoto ya yi kyau. Dan hoto Baffa! Wa kake so ya gani? Waɗanda za su danna maka alamar so su wuce, ko ɗaya daga cikinsu zai zo ya zauna da uwarka? Da karatunka da hankalinka ka miƙe tsaye a goshin ƙaramin jirgi yana gudu, abin da ko ɗan masunta mai shekara bakwai ya san ba a yi, dan ƙaramin jirgi nauyi yake bi, mutum biyu su koma gefe ɗaya ko ɗaya ya miƙe lokacin da igiya ta bugo shikenan. Ban yi zaton haka daga gare ka ba, raina ya ɓaci ƙwarai.

Abin da ya fi ci min rai kuma baka iya iyo ba. Na san me za ka ce a ranka, wa ya hana ni? Ni ne. Ni na zane ka ranar da aka gan ka a kududdufin bayan makaranta da damina, dukan da Mamanku ta yi kwana biyu ba ta min magana ba, ni na hana ka bin 'yan ajinku yawon buɗe ido Tiga kana kuka a soro. Ban manta ba. Amma ka tambayi 'yan kwana-kwana yara nawa suke tsamowa daga kududdufan garin nan duk damina. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake, kuma da dukan nan na raine ka har ka kai inda kake, ko yau aka mayar da ni wancan lokacin abin da zan yi kenan. Sai dai na yarda lissafina bai kai nan ba, na ɗauka in na raba ka da ruwa ruwa zai rabu da kai, ban san aiki zai kai ka garin da ruwa ya kewaye ba.

Na san wanda ruwa ya ci shahidi ne, hadisi ne ingantacce, da shi muka rarrashi Hajiya. Amma Allahn da ya yi wannan alkawari shi ya ce kar mu jefa kanmu cikin halaka da hannunmu.

Ba zan ce maka na hana ba. Na yi niyya, har na rubuta na goge, dan na san in na ce na hana ko dai ka bari ka ci gaba da ƙunsar gajiyar garin nan ba inda za ka sauke ta, ko ka ci gaba a ɓoye, kuma ɓoyon ya fi tsorata ni. Ga abin da nake so. Ka sayi rigar ruwa taka ta kanka daidai jikinka, mai kyau, ba irin wadda ake miƙo wa kowa igiya a tsinke ba, ka ɗaure ta tun kana kan gaɓa kuma kar ta bar jikinka sai ƙafarka ta taka ƙasa, in kuɗin ne ni zan turo. Ka nemi inda ake koyar da iyo ka biya ka koya, kar ka ji kunyar shiga cikin yara, wannan gyaran kuskurena ne za ka yi min. Kar magariba ta same ku a kan ruwa, in hadari ya haɗo a fasa ko an biya kuɗi, in ka ga an cika jirgi ka sauka ko za su yi maka dariya. Maganar sayen naku kuwa a ajiye ta tukuna, riƙe inji na minti goma mai jirgi na tsaye a kanka bai mayar da kai direba ba. In za ka shiga ka karanta abin da Annabi Nuhu ya faɗa, bismillahi majreha wa mursaha, yana cikin suratu Hud, Malam ya biya muku.

Sannan duk ranar da za ku fita ka turo min saƙo kafin ku tashi, in kun fito ka sake turowa, kalma ɗaya ta isa, ka ce mun fito. Ni zan san yadda zan yi da awannin da ke tsakani.

Ka kira Mamanku yau ba gobe ba, tun ranar Asabar ba ta cin abincin kirki, kuma kar ka tsaya yi mata bayanin daɗin ruwa, haƙuri kawai za ka ba ta. Hajiya ba ta sani ba kuma na gargaɗi kowa a gidan, kai ma in kun gaisa kar ka kuskura. Akwai kilishi da yajin da Mamanku ta daka, yaron maƙwabcinmu mai zuwa Agege zai taho maka da su ranar Laraba, zan turo maka lambarsa. In ka sayi rigar ka saka ta ka ɗaure ka ɗauki hoto ka turo min in gani.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare min kai a tudu da ruwa.

Babanka